Amsar tambayarka kan kiran gayya bayan tiyata

Assalamu alaikum, ɗana.

Saƙonka ya iso, na karanta shi a tsanake. Ya jikin? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Ka ce mako biyu ke nan da aka yi maka aikin ƙaba, likita ya hana ka ɗaukar kaya, ga shi shuka ta fito, ciyawa na neman danne ta. Kana tambaya ko ya dace a al'ada magidanci mai sauran ƙarfi irinka ya buɗe baki ya kira gayya, ko kuwa shiru ake yi har mutane su gani su zo da kansu. Ka ce kana tsoron a ɗauki abin a matsayin roƙo.

Ka kira, kuma kada ka ɓata lokaci. Ban san inda samarin yanzu suka samo cewa gayya ta tsofaffi ce da masu hali ba. Asalinta daga yanayin noma ne: aikin gona yana zuwa gaba ɗaya, kuma ba ya jiran kowa. Ɗan kasuwa idan ya kwanta ciwo zai rufe shago, ya warke ya tarar da kayansa. Manomi idan ya kwanta wata guda a farkon damina, shekarar ce ta tafi. Shi ya sa duk inda ka sami manoma a duniya za ka tarar suna da hanyar rancen ƙarfi a tsakaninsu. Maroƙi yana karɓar abin da ba zai mayar ba. Kai kuwa ka sha saɓa fartanya ka tafi gonar wani, kuma idan Allah Ya ba ka lafiya za ka sake. Abin da za ka nema bashi ne da kowa ya san yadda ake biyansa.

Shirun da kake tunani ya fi mutunci, shi ne yake sa mutane cikin tsaka mai wuya. Waɗanda suka zo duba ka, na tabbata da yawansu sun ce idan akwai abin da za a yi a faɗa. Kada ka ɗauka fatar baki ce kawai. Jira suke yi. Mutumin kirki ba ya faɗa wa gonar wani da aiki ba tare da izini ba, don bai san abin da ka shuka a wane ɓangare ba, bai san inda iyakarka ta tsaya ba, kuma yana gudun a ce ya raina ka. Ga shi shi ma tasa gonar tana kiransa. Don haka buɗe magana a wuyan mai gona take. Idan nauyin baki ya hana ka, ka tura ƙaninka ko wani babba a gidan ya faɗa a madadinka. Wannan ma ya fi kyau, domin wanda ba zai samu zuwa ba ya fi sakewa ya ba ɗan aike uzuri a kan ya kalli idon mara lafiya ya ce a'a.

Idan za a faɗa, a faɗa dalla-dalla. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. "A taimaka mini da gona" magana ce da ba ta kama kowa. A ce gona kaza, noman farko, ranar kaza da sassafe zuwa rana ta take. A ba mutane kwana uku ko huɗu su shirya. Rabin yini da mutum goma sha biyu ya fi yini guda da mutum huɗu da suka zo don kunya. Kuma ka zaɓi abin da ya fi gaggawa. A shekarun da na yi ina aikin malamin gona, abin da muka fi nanata wa manoma shi ne masara ta fi cutuwa da ciyawa daga wajen mako na biyu zuwa na shida bayan ta tsiro. Abin da ta rasa a wannan tsakanin, taki ba ya dawo da shi daga baya. To noman farko shi ne na gayya. Idan ka ga gonakin ba za su samu duka ba, ka tsayar da ƙarfin jama'a a kan wadda ta fi kyau, sauran a yi abin da ya sawwaƙa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wanda ba ka tambaya ba. Ranar gayyar ita ce ranar haɗari a gare ka. Za ka je da niyyar gaisawa kawai, sai ka ga sa'o'in mahaifinka sun duƙa a gonarka gumi na zuba, zuciyarka ta ce ai bai kamata ka tsaya kallo ba, ka ce bari in ɗan taɓa kunya ɗaya. Na ga mutanen da kunya ɗayar nan ta mayar da su gadon asibiti. Babu al'adar da ta ɗora wa mai ɗinki a ciki riƙe fartanya. Addini ma ya yarje wa mara lafiya ya yi salla a zaune, ballantana noma.

Ka fahimci dalilin likita don kada ka ga kamar tsanani ne. Fatar waje takan haɗe cikin mako ɗaya zuwa biyu, a cire zare, mutum ya duba ya ga wuri ya bushe. Amma naman ciki da aka ɗinke bai kai nan ba, kamar sabon yaɓe ne da ya bushe a fuska alhali cikinsa ɗanye. A mako na uku ƙarfin wurin bai wuce kashi 20 cikin 100 na yadda yake a da ba. Sai wajen wata uku yake kaiwa kusan kashi 80, kuma tabo ba ya komawa daidai da asalin nama. Shi ya sa bayan aikin ciki likitoci kan hana ɗaukar nauyi na mako 4 zuwa 6, wani lokaci fiye, gwargwadon irin aikin da aka yi. Maganar likitanka ita ce a gaba da tawa. To auna wannan da kayan gona. Buhun taki kilo 50 ne. Jarka mai lita 20 idan ta cika kilo 20 ce. Injin feshi na goyo mai lita 16 ya kai kilo 16 kafin ka ƙara nauyin shi kansa. Noma kuwa ko ba ka ɗaga komai ba, kowane sara sai ka duƙa ka ja, kuma da ciki ake ja. Haka igiyar shanu: fizga ɗaya ba zato ta isa ta yi ɓarna. Hawa babur a hanya mai gargada ma ka jinkirta shi har likita ya yarda.

Idan ɗinkin ya saki, ka mayar da gumin mutanen nan banza, domin wanda suka zo su hutar na wata guda ya koma jinyar wata uku, girbi ma sai an sake kiransu. Abin da ya rage naka a ranar shi ne ka yi musu sannu da zuwa, ka nuna wakilinka, ka zauna a inuwa, ka yi godiya. Idan wani ya tsokane ka da ragwanci, ka yi dariya ka bar shi. Tafiya a hankali tana da amfani, tana hana jini daskarewa a ƙafa, don haka ban ce ka kwanta yini guda ba. Sai dai ka rufe wurin ɗinkin da kyau, ƙasa da taki kada su taɓa shi, domin ƙwayar tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, a ƙasa da kashin dabbobi take zama. Allurarta ana sabunta ta duk shekara 10, ka tambaya ko taka tana nan. Idan ka ga wurin ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya kama ka, ko wani ƙullutu ya taso a gefen ɗinkin, ka koma asibiti a ranar.

Abin da ke kanka game da 'yan gayyar ba shi da yawa. Ruwan sha da abinci daidai ƙarfinka. Kowa ya san ka fito daga hidimar asibiti, kada ka ci bashi don a ce ka yi bajinta. Kada kuma ka miƙa wa ɗan gayya kuɗi, za ka mayar da zumuncinsa ƙwadago, wani har ya ji haushi. Amma wanda ya kawo shanun huɗa ko tarakta, abincin dabbobin ko man injin naka ne, ka faɗa tun kafin ya tambaya. Aikin taro yana da gaggawa, za a sare shuka nan da can, za a tsallake ciyawa a wani wuri. Idan akwai abin da kake so a kiyaye, wakilinka ya faɗa kafin a fara. Bayan an tashi kada a ji ƙorafi daga bakinka ko bakin iyalinka. Ka rubuta sunayen duk waɗanda suka zo, har da wanda ya turo ɗansa. Mantuwa a nan ita ce take kashe zumunci, domin ranar da ɗayansu ya kira ba ka je ba, ba zai ce komai ba, amma ya riƙe. Biyan kuma ba dole ya zama da fartanya ba. Wani iri zai buƙata, wani aron kayan aiki, wani rakiya asibiti.

Akwai ayyukan da gayya ba ta ɗauka, kada ka ɗora mata su. Jama'a za su ba ka safiya ɗaya ko biyu da daɗin rai, amma kiwo da ban ruwa da tatsa aikin kullum ne, safe da yamma. Wannan sai mutum ɗaya tsayayye da kuka yi magana a kan ladansa da ranar da zai tsaya. Feshin magani ma ka ba wanda ya iya ka biya shi, guba ce, bai kamata ka roƙi maƙwabci ya sha ta kyauta ba. Idan ba ka tsara wannan ba, na san inda nauyin zai faɗa: kan matarka, wadda take jinyarka tun farko, da yaran da za a riƙa tsayarwa daga makaranta. Su ba za su yi ƙorafi ba, shi ya sa nake yi a madadinsu. Idan kuma ka yanke shawarar ba wani wani yanki ya noma bana ku raba amfani, ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya a yi a gaban shaidu, a rubuta kason kowa da cewa na shekara ɗaya ne. Rigimar gona da yawa daga irin wannan taimakon ta faro.

Don ka san ba talauci ne ke sa manomi neman hannu ba, a Jamus inshorar manoma takan turo wanda zai riƙe gona idan mai ita ya kwanta ciwo, a Faransa ma akwai ƙungiyoyin da aikinsu ke nan. A Amurka akwai Farm Rescue, da aka kafa a 2005 a jihar Dakota ta Arewa, 'yan sa-kai ne ke zuwa da injuna su yi shuka ko girbi ga manomin da ciwo ko rauni ya kayar. Mutane ne masu manyan taraktoci, amma sai sun rubuta sun nema kafin a zo musu. Kai da kake da 'yan'uwa da maƙwabta a kusa, aike ɗaya ya ishe ka.

Idan ka koma ganin likita, kada ka tsaya a "yaushe zan koma aiki", don zai iya ɗauka aikin zama kake nufi. Ka ce masa noma da fartanya, ɗaukar buhu, goyon injin feshi, riƙe shanu, ya ba ka lokacin kowanne. Daga nan za ka san ko maimai ma sai an sake kiran jama'a. Ka sanar da ni ranar da kuka tsayar, zan turo 'yan'uwanka biyu da fartanyoyinsu, su kwana biyu su duba maka dabbobin.

Ka gaishe da mai ɗakinka da yara.

Baffanka.