Amsa ga mai tambayar jini bayan al'ada ta ɗauke

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce shekara uku rabonki da al'ada, sai ga ɗan jini ya ɓata miki kamfai har sau biyu, kina tambaya ko ita ce ta dawo. Ba ita ba ce. Mace in ta cika wata 12 cur ba ta ga jini ba, al'ada ta tafi ke nan. Duk abin da ya fito daga baya, ko ɗigo ɗaya ne, ko ruwa-ruwa mai ɗan ja, sai likita ya duba.

Ni ma ya same ni ina da shekara 56. Wata biyu na yi ina ɓoyewa, kunya ta hana ni faɗa, ina ce wa raina gajiya ce. Ɗiyata ce ta ga tabo a zanen gado, ta tsare ni: "Mama, gobe za mu asibiti." Likitar ta fara duba bakin mahaifa, sannan aka yi mini hoto, irin wanda ake sa na'urar ta gaba, don a auna kaurin bangon mahaifa na ciki. Ta ce in bai wuce milimita 4 ba, hankali kan kwanta. Nawa ya wuce, sai aka zura wani siririn bututu aka ɗebo ɗan nama don gwaji. Zafinsa kamar murɗar mara, kafin in gama salati an gama. Jiran sakamakon ne ya fi hana ni barci. Ashe ɗan tsiro ne a cikin mahaifa, ba daji ba, aka cire shi.

Yawanci abin bushewar gaba ce: sinadarin mata na estrojin ya ragu, fatar ta yi sirara, tana tsagewa, musamman bayan saduwa. Magunguna ma na kawo shi, kamar na tsinka jini, da tamoxifen na ciwon dajin nono, da na maye gurbin sinadarin mata. Amma ba zan ɓoye miki ba, kusan mace 1 cikin 10 masu irin wannan jinin dajin mahaifa ake samu, ƙiba da ciwon sukari na ƙara haɗarin. In an kama shi da wuri, galibi tiyata ce ke raba mace da shi.

Ki rubuta ranakun da kika ga jinin, ki kwashi duk magungunan da kike sha, har da na gargajiya, ki tafi da su. Ko ya tsaya da kansa ki je cikin makon nan. Allah Ya ba ki lafiya.