Ga ƙanena mai son biyo ni kurmin Amazon

Salam ƙanena, na ga saƙonka. Wai ka gama digirinka a ABU kana so ka biyo ni Manaus ta ƙasar Brazil ka yi mastas kan kurmin Amazon, don ka ga manyan namun daji a talbijin. Bari in rage maka zumuɗi, shekarata uku a nan ban taɓa haɗa ido da damisar su, jaguwa, ba, sai dai sawunta a taɓo.

Kuma ba rashin sa'a ba ne, lissafi ne. Duk kuzarin dajin nan daga rana yake, ganye ya kama ya haɗa abinci, tsutsa ko biri su ci ganye da 'ya'yan itace, tsuntsu ko maciji ya ci su, to a kowane hawa kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai ke wucewa gaba, saura ya tafi a numfashi da motsi da zafin jiki, kamar kwangilar da ta bi hannu huɗu, kafin ta iso kan jaguwa sai ɗan abin shan ruwa. Shi ya sa ba su da yawa. Tun 1942 wani masanin muhalli mai suna Lindeman ya yi wannan bayanin, na san an yi muku a aji, amma sai ka shiga kurmi zai zauna maka.

Masu aikin gaske ƙanana ne wallahi, gara da fumfuna da tururuwar nan mai yanka ganye ta kai rami ta noma fumfunar da take ci. Ƙasan dajin duhu ne, hasken da ke isowa bai fi kashi 2 ba, ganye na faɗuwa sun ruɓar da shi, saiwoyi sun zuƙe takin. Ƙasar ma kanta ba ta da ƙarfi, mu da muka saba ganin kore mu ce albarka sai mu sha mamaki. Abin dariya, ƙurar Bodele ta Chadi, irin hazon da ke rufe mana Samaru da hunturu, iska ke tsallako da ita teku tana zuba wa dajin fosfaros, sinadarin taki da tsiro ke buƙata.

In har yanzu kana so, fara koyon Fotigis tun yanzu, Turanci ba zai saya maka ko burodi ba a nan. Kuma damina na zuwa ka je wajen Kufena ka gwada ƙirga ƙwari na sati biyu, don yawancin aikinmu kenan, ga sauro. Ka gaida min Hajiya.