Amsa Ga 'Yata Kan Ƙoren Gwaggonta

'Yata,

Saƙonki ya same ni bayan la'asar, na kuma karanta shi har sau biyu. Kin tambaye ni ko al'adarmu ta yarda a tattara ƙoren da marigayiya gwaggonki ta zana a baje su a ɗakin taro ranar da za ta cika shekara da rasuwa, a buga hotonta a jikin riguna, sannan a kafa allo mai sunanta a kan kabarinta. Da na zo kan maganar riguna sai da na yi dariya, domin matar da in mai hoto ya shigo gidan biki take jan mayafi ta shige ɗaki, ita ce yau za a manna fuskarta a ƙirjin samari. Da dariyar ta lafa kuma sai jikina ya yi sanyi.

Ku da tsufanta kuka san ta, ni kuwa ta goya ni. Tun muna yara a Hunƙuyi take shuka duma a gindin danga, in kaka ta yi ya bushe a fafe shi, ta kankare cikin, ta jiƙa shi kwanaki har ɗacin ya fita, sa'an nan ta sa ƙarfe a garwashi ta zauna zane. Takan fitar da dagi da ƙadangare da sawun kaza, kuma a wancan zamani da wuya amarya ta tare a unguwarmu babu aikin hannunta a cikin jerenta. Ba ta taɓa sa wata alama da za a ce nata ne ba. A ƙasar Zazzau an riƙe sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, amma shi aikin sarki ya yi. Masu zanen ƙwarya sai dai a gane hannunsu.

Abin da ba na mantawa shi ne shekarar 1971, lokacin da annobar amai da gudawa ta bazu a ƙasar nan. Na dawo hutu daga kwalejin horon malamai na tarar garin ya yi tsit, maƙwabci yana tsoron leƙa maƙwabci. A zauren gidanmu kuwa mutum biyar ne kwance a kan tabarmi, cikinsu har da wani almajiri da ba a san garinsu ba, kuma yayata ce ta sa aka kwaso su. Ba ta yi boko ba, babu kuma wanda ya karantar da ita yadda cutar take yaɗuwa, amma ta lura cewa gidan da ake shan ruwa da moɗa ɗaya, gidan yake kwantawa gaba ɗaya. A daren nan ta hura wuta, ta ɗauko ƙoƙuna biyar, ta ƙona wa kowanne zanensa daban, don kada a ba wani ruwa a ƙoƙon wani ko da a cikin duhu ne, tun da da yatsa ma ana jin zanen. Ni ne mai riƙe mata fitilar ƙwai, ina jin ƙaurin duma yana gauraya da warin zauren, hannuna yana rawa, nata kuwa ko gezau. Ruwan da ta tafasa da kunu mai ruwa-ruwa take ɗura musu da ludayi, kaɗan-kaɗan, har asuba. Biyu sun rasu, ita ta aika a kira masu wanka, uku kuma suka tashi. Da mahaifinmu ya yi mata faɗan ta jawo mana annoba gida, sai mahaifiyarmu ta ce masa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, bai ƙara magana ba.

Daga baya kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, suka shigo a 1975, kwanon sha da langa suka cika ɗakunan amare, roba ta biyo baya, kasuwar zane ta mutu. Ita kuwa ta koma jinyar mahaifiyarmu, wadda ta yi shekaru ba ta gani.

Game da tuna mamaci, abin da muka taso muka gani shi ne sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, a daka gumba a raba wa yara da almajirai, a yi addu'a a watse. Ko wannan ma tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 malamai suke saɓani a kansa, don haka hukunci ki nema wajensu. Kabari kuwa da guntun tukunya ake shaida shi, damina biyu ta daidaita na attajiri da na talaka, kuma mahaifinmu yakan ce wanda ke ƙasa addu'a yake jira, ado na masu rai ne.

Ba zan ɓoye miki ba, a wata bakwai da ta yi tana ciwon ajali kuɗi sun yi ta shigowa ta waya, Allah ya saka muku, amma ƙafafun da suka tako ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, alhali zumunta a ƙafa take. Ni ma ba zan wanke kaina ba, domin shekarar da na rufa gida da kwano ni ne na kwashe ƙorenta na zuba a tsohon rumbu, gara ta cinye mafi yawansu ba tare da na waiwaya ba.

Ƙoƙo ɗaya daga cikin biyar ɗin nan yana wurina, mai zanen ƙadangare, ya tsage har gyartai ya ɗinke shi. Wadda ta sha ruwa a cikinsa tana nan da rai a bayan kasuwa, ta tsufa ƙwarai, kuma tun rasuwar gwaggonki ba ta da mai ɗebo mata ruwa sai 'ya'yan maƙwabta. In kin samu hutu ki zo in kai ki ku gaisa, maganar ɗakin taro kuma ma yi ta a hanya. Ki gaishe mini da mahaifiyarki.

Baffanki.