Amsar Kawu kan ƙullin da ke gaban wandon Sarki Henry

Ɗana, ka ce ka ga hoton Sarki Henry na Takwas na Ingila da wani ƙulli a gaban wandonsa, kana tambaya ko ado ne ko rashin kunya. Kodfis ake kiransa da Turanci, kuma asalinsa matsalar ɗinki ce.

Wandon Turawa na ƙarni na 14 ba irin namu ba ne mai hantsa da zariya. Ƙafafu biyu ne daban, kowacce kamar doguwar safa ta ulu, ana ɗaure bakinta da igiyoyi a ramukan da aka huda a gindin riga. Tsakani babu komai sai ɗan kamfai na lilin. Muddin riga ta kai gwiwa, ba wanda ya damu. Daga wajen 1340 samari suka fara rage tsawon riga, har ta kai mutum in ya sunkuya ko ya hau doki sai al'aura ta fito. Abin ya kai majalisar Ingila: a 1463, zamanin Sarki Edward na Huɗu, aka yi doka cewa duk wanda bai kai matsayin hakimi ba sai rigarsa ta rufe gabansa da mazaunansa.

Teloli suka haɗe ƙafafun ta baya, suka bar gaba a buɗe saboda fitsari, suka rufe wurin da ƙyalle mai kusurwa uku. Kusurwar ƙasa a ɗinke take da wando, biyun sama ana ɗaure su da igiya ko maɓalli. Matsalar ita ce wandon matsattse ne, ulu kuma ba ya miƙewa sosai, don haka ƙyallen shimfiɗe yakan matse mutum, ɗinkin ƙasa ya farke, igiya ta tsinke. Sai aka koma yanka shi gida biyu, a haɗa da lanƙwasasshen ɗinki a tsakiya ya zama aljihu.

Daga nan fahariya ta shigo. A ƙarni na 16 aka fara cusa masa ulu, auduga ko gashin doki, a ɗaga bakinsa sama, a yi shi da karammiski, a tsattsaga don siliki ya leƙo. Sojojin haya na Jamus sun fi kowa zaƙewa. Wasu ma kuɗi da hankici suke ajiyewa a ciki. Maƙera suka ƙera na ƙarfe. Kayan yaƙin Henry na 1540 suna nan a Hasumiyar Landan da nasu.

Hoton da ka gani kwafi ne na zanen Hans Holbein na 1537. Ka lura da shekarar: a cikinta aka haifi Edward, ɗa namijin da Henry ya yi shekaru yana nema har ya ɓata da Paparoma. Sarkin da ake raɗa cewa ya kasa samun magaji, shi ne ya tsaya da ƙafafu a ware.

Akwai masu cewa an ƙara wa kodfis girma ne don ɓoye tsumma da man zaiba na masu tunjere, cutar da ta ɓarke a birnin Naples na Italiya a 1495. Ban karɓi wannan a matsayin asali ba, domin ƙyallen ya riga cutar zuwa, kuma har yara 'ya'yan sarauta an zana da shi.

Wajen 1590 an daina yayinsa. Wando mai kumburi ya haɗiye wurin, aka koma tsaga mai maɓalli.