Sai Allah ya karya mutum kafin ya yi amfani da shi?

Tambaya: Fasto, barka da aiki. Ni gwauruwa ce, ina cikin zumuntar mata a wata majami'a a Kaduna. Maigidana ya rasu bara, bayan wata huɗu kuma shagona ya ƙone. Ranar Lahadi na ji mai wa'azi ya ce Allah ba ya amfani da mutum sai ya karya shi tukuna. Da muka fito wata ta ce mini, "Ai ke ake karyawa, ki binciki kanki." Tun ranar barci ya gagare ni. Mece ce wannan karyewar? Wani laifi na yi ne?

Amsa: Mama, sannu da haƙuri. Ubangiji ya ta'azantar da ke.

Rabin ruɗanin daga kalmar yake. A bakinmu in aka ce mutum ya karaya, gwiwarsa ce ta yi sanyi, ya fid da rai. Dawuda kuwa wani abu daban yake nufi a Zabura 51:17, inda ya ce karyayyen ruhu da zuciya mai tuba su ne hadayar da Allah ba ya rainawa. Ɗaya daga cikin kalmomin Ibrananci na ayar tana nufin abin da aka farfasa ya yi laushi, sautinta ma har ya so ya yi kama da "daka" namu, ko da yake dacewa ce kawai. Abin da ake dakawar shi ne taurin kai.

Ki tuna inda zaburar ta fito, a 2 Sama'ila 11 da 12. Dawuda ya kwana da Batsheba, matar Uriya Bahitte. Da ciki ya bayyana, ya rubuta wa Yowab, shugaban sojojinsa, wasiƙa a sa Uriya a bakin dāga a janye a bar shi, ya kuma ba Uriyan wasiƙar ya kai da hannunsa. Watanni suka wuce, har aka haifi yaron, sarki yana zaune abinsa kamar ba a yi komai ba. Sai annabi Natan ya zo masa da labarin wani matalauci mai 'yar tunkiya guda, wadda take ci daga abincinsa, take sha a ƙoƙonsa, take kwana a ƙirjinsa, wani attajiri mai garke ya ƙwace ta ya yanka wa baƙonsa. Dawuda ya fusata, ya yanke hukunci. Natan ya ce masa shi ne mutumin. Amsar sarki ba ta da tsawo: na yi wa Ubangiji zunubi. Bai kawo hanzari ba, bai jawo sunan kowa ba.

Sarki Saul ma ya furta "na yi zunubi" a 1 Sama'ila 15, amma sai da ya fara ɗora wa jama'a laifin, sannan ya roƙi Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawa. Bakinsa ya tuba, idonsa yana kan mutuncinsa. Tsakanin mutanen nan biyu ma'anar take: karyayyar zuciya ita ce wadda ta daina kare kanta a gaban Allah. Hawaye ba su ne ma'auni ba. Bitrus ya yi kuka mai zafi bayan ya yi musun Yesu, Yahuza ma nadama ta sa ya mayar da azurfa 30 da aka biya shi don ya ba da Yesu, amma ɗaya ya komo wurin Yesu, ɗayan ya rataye kansa. Bulus ya raba baƙin ciki gida biyu a 2 Korantiyawa 7:10: akwai baƙin cikin da ke kai ga tuba, akwai wanda ke kai ga mutuwa.

To, ke fa? Abin da kika bayyana mini rauni ne, kuma Littafi Mai Tsarki bai yarda a mai da raunin mutum shaidar laifinsa ba. Abokan Ayuba sun yi irin maganar da aka yi miki a ƙofar majami'a, Allah kuwa ya tsawata musu a Ayuba 42:7. Da Yesu ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa a Luka 13, ya ce kada a ɗauka sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Ayoyin da suka dace da ke su ne Zabura 34:18, cewa Ubangiji yana kusa da masu karyayyar zuciya, da 147:3, cewa yana ɗaure raunukansu. Duk wanda ya taɓa ganin maɗori yana aiki ya san hoton: ya daidaita ƙashin, ya jera karare, ya ɗaure, ya ce kada a taka ƙafar sai ta kama. Ba ya tambayar majinyaci ko ya cancanci faɗuwar.

Maganar mai wa'azin ba ƙarya ba ce ɗungum. Yakubu ya bar Feniyel, inda ya yi kokawa da Allah, yana ɗingishi da sabon suna, Bulus ya roƙa sau uku a cire masa wahalar da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba. Wahala takan raba mutum da dogara ga kansa, wani lokaci ma ita ke buɗe ƙofar tuba. Inda nake ja da baya shi ne in aka mai da wannan doka, har wani ya tsaya yana nuna wanda Allah yake karyawa. Na sha jin ana rufe bakin matar da mijinta ke duka da wannan magana, abin kunya ne gare mu masu wa'azi. Natan da sunan laifi ya zo. Wadda ta ce ki binciki kanki ba ta ambaci ko ɗaya ba. In akwai zunubin da kika sani, ki furta shi, 1 Yohanna 1:9 ta ce za a gafarta. In babu, kada ki kwana kina tonon abin da ba a binne ba.

A daren da barci ya ƙi, ki karanta Zabura 88. Kuka ne daga farko har ƙarshe, an kuwa bar shi cikin Littafi don irinki su sami bakin yin addu'a. In rashin barcin ya daɗe, ki ga likita. Batun shagon kuma ki kai shi gaban dattawan ikilisiyarku ba tare da jin nauyi ba. Saboda abincin gwauraye ne aka zaɓi mutum 7 a Ayyukan Manzanni 6.