Zuciyar da ta yi kanta: amsoshin tambayoyinku

Wata malamar makarantar Lahadi daga Kafanchan ta ce: "Malam, muna nazarin Matiyu 13:15, inda aka ce zuciyar jama'a ta yi kanta. Shin kanta da makanta tushensu ɗaya ne?"

Malama, ba ɗaya ba ne, kamannin sauti ne kawai. Makanta 'yar gidan makaho ce da makancewa. Kanta kuwa, ki kama hannun manomi a ƙarshen damina ki duba gindin yatsunsa, inda ƙotar fartanya ta yi ta gurza har fata ta taurare. Ki soka masa tsinke a wurin, ba zai ji ba. To, abin da Yesu ke nufi ke nan da ya ɗauko maganar annabi Ishaya, sura 6: mutane sun sha jin gargaɗi suna turewa har gargaɗin ya daina yi musu zafi. Ba a kwana ɗaya ake yin kanta ba, kuma a nan hukuncin yake, an bar mutum da abin da ya zaɓa wa kansa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu karatu a gaban jama'a da ke furta kalmar kamar "kanta" ta "ita da kanta". Karin sauti ya bambanta su, amma matasan yanzu ba ruwansu da karin sauti. Sai ayar ta fito ba kai ba gindi, jama'a kuma su amsa da amin. Wasu ma sun fi son su ce taurin kai. Mai taurin kai yana ji, ƙi yake yi. Mai kanta ya wuce nan.

Wani daga Zariya ya tambayi bambancin shari'a da hukunci. Shari'a zaman ne, hukunci abin da aka yanke.

Wani kuma yana neman karin maganar da ta dace da Farisiyawa, wato malaman addinin Yahudawa, na cikin littafin Yahaya sura 9, waɗanda suka kori mutumin da aka buɗe wa ido. Ɗauki wannan: makaho ya rasa ido, ya ce ido na wari. Sai dai makahon karin maganar ya san ba ya gani, su kuwa cewa suka yi suna gani, shi ya sa aka gaya musu zunubinsu yana nan daram.