Tambayi Likita: jinotayif, rukunin jini da sauran kalmomin bayoloji da ke rikita ɗalibai

Assalamu alaikum. Wannan satin saƙonnin 'yan sakandare ne suka fi yawa, ga alama WAEC da NECO sun matso, to na zaɓi guda uku.

Wata ɗaliba 'yar SS2 daga Zariya ta rubuto: "Dakta barka da aiki, an gwada ni an ce ni O ce, ƙawata kuma ta ce ita AS ce, to wanne ne jinotayif wanne ne rukunin jini? Kullum sai na haɗa su a jarrabawa."

'Yata, ba ke kaɗai ba ce, wallahi har manya masu shirin aure suna zuwa min da wannan ruɗanin. Rukunin jini shi ne A, B, AB da O, sai a ƙara masa fozitib ko negatib, kuma magana ce ta wata alama da ke jikin bangon jajayen ƙwayoyin jini. Karl Landsteiner ɗan ƙasar Ostiriya ne ya gano shi, har aka ba shi kyautar Nobel a 1930. Amfaninsa babba shi ne ranar da za a yi wa mutum ƙarin jini, don in aka ɗura masa wanda bai dace da nasa ba jikinsa zai yaƙe shi.

Shi kuwa jinotayif da ake ta magana a asibiti, wato AA, AS, SS, har da AC da SC, yana nuna irin haimoglobin ɗin da kika gada, shi ne sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini mai ɗaukar iskar oksijin. Harafi ɗaya daga Baba, ɗaya daga Mama. Mai SS shi ne mai sikila, amosanin jini kenan, ƙwayar jininsa maimakon ta zauna a zagaye da laushi sai ta lanƙwashe kamar lauje ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, kuma ga saurin mutuwa, lafiyayyar ƙwaya tana kai kwana 120 amma mai lauje kwana 10 zuwa 20 ta gama.

Ga wurin da nake so ki buɗe kunne sosai. In AS ya auri AS, littafinku ya ce kashi 25 cikin 100 SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA, sai mutane su ɗauka wai in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai zo da ciwon. Ba haka ba ne sam. Kowane ciki lissafinsa sabo ne, kamar jefa kwabo sama, na jiya bai san na yau ba. Na taɓa duba wata baiwar Allah da 'ya'ya uku a jere duk SS, lokacin hunturu ne, ƙaramin yana kwance idonsa ya yi ɗorawa, ko zanin gado ya taɓa ƙafarsa sai ya ƙwalla ƙara, ita kuma tana ta tofa masa addu'a tana ce min likita ai an ce ɗaya cikin huɗu ne. Har yau abin bai bar raina ba. Ƙawarki lafiyarta ƙalau, AS ba ciwo ba ne, amma ta riƙe takardar gwajin nan da kyau.

Wani ɗalibi daga Gusau kuma ya ce: "Likita mu bakwai ne a ɗakinmu ni kaɗai ne namiji, dangin Baba suna ta yi wa Mama gori wai mata take haifa. Malaminmu ya ce daga namiji ne, da gaske?"

Ɗana, malaminku ya faɗi daidai. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinka akwai kuromosom 46, wato 'yan zaruruwan da ke ɗauke da abin da ka gada daga iyaye, an jera su biyu-biyu sau 23, rabi daga uwa rabi daga uba. Na ƙarshen su ne ke raba jinsi, mace XX, namiji XY. Ƙwan mace X kaɗai yake ɗauke da shi, ba ta da wani da za ta bayar, maniyyin namiji ne wani yake zuwa da X wani da Y, in mai X ya riga isa mace ce, in mai Y ne namiji. To amma kar ka ɗauki wannan ka je ka juya gorin kan mahaifinka, shi ma ba shi yake zaɓa ba, Allah ne mai bayarwa. Ka dai samu lokaci ka zana wa Mama a takarda, X da Y ɗin nan, ta gani da idonta.

Na uku gajere ne, daga Maraɗi: "Mene ne bambancin bakteriya da bairos?"

Bakteriya halitta ce mai ƙwaya ɗaya, tana ci tana hayayyafa da kanta, ita ke kawo taifot, kwalara da tarin fuka, kuma akwai masu amfani cike da hanjinka. Bairos ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ba ya iya hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayar wani, shi ke kawo mura, ƙyanda da shan inna. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an shiga kemis an sayo amoksisilin saboda mura, maganin bakteriya ne, ba ya taɓa bairos, sai dai ya koya wa bakteriyar jikinka taurin kai. In an tambaye ka maleriya fa a jarrabawa, kar ka saka ta a ko ɗaya cikin biyun, wani nau'in ƙwayar cuta ne daban mai suna Plasmodium ke kawo ta, macen sauron Anopheles ke ɗauko shi, kuma hanta yake fara sauka kafin ya shiga jini.